Matan da suka bar giya a Legas, ku zo mu faɗi yadda aka yi

Maman Zara, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Shekarata 46, 'ya'yana biyar, maigidana yana harkar shanu a Oko-Oba. Yau wata bakwai rabona da giya. Na rubuta na goge ya fi sau goma kafin na turo.

Da ciwon baya abin ya fara, shekarar da Innata ta rasu a Katsina ban samu jana'iza ba. Wata maƙwabciyata ta kawo min paraga, wato jiƙon saiwoyi a cikin giya, a 'yar roba, irin wanda ake sayarwa a tasha, ta ce maganin baya ne da basir. Na ji warin, na san abin da aka jiƙa saiwoyin da shi. Amma tunda an ce magani, sai na kama wannan kalmar na riƙe. A daren na yi barcin da na yi wata biyu ban yi ba. Ban ankara ba na bar saiwa na koma giyar 'yan leda, ina cusa su cikin hijabi, ina tauna kanumfari kafin yara su dawo daga Islamiyya. Ledojin da na shanye kuwa cikin buhun gawayi nake tura su.

Ranar da Zara ta zazzage buhun za ta hura wuta, ledoji suka zubo a gabanta. Ba ta ce uffan ba. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta ƙona, ta ɗora tukunya. Ashe ta yi shekara tana sane, shi ya sa ta karɓe girkin dare. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Anti Nas, Idi-Araba:
Sannu Maman Zara, Allah ya ƙara tsarewa. Ni a wurin aiki nake ganin abin, kuma na gani a gidanmu wajen yayata. Roƙona ɗaya: wadda ta saba sha kullum kada ta yanke dare ɗaya ita kaɗai a ɗaki. Jiki kan fara karkarwa da zufa, wasu su yi jijjiga kamar farfaɗiya, a kwana na biyu zuwa na uku wata ta fara gane-gane. Yana iya kisa. Yayata an ce aljanu ne, aka yi ta hayaƙi. Likita na da maganin da yake saukar da jiki a hankali, da bitamin B1. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, nan unguwarmu. Na san sunan Yaba kaɗai kan sa mace ta ja baya, amma yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma gida.

Hajiya Babba, Mile 12:
Ni da maganin tari mai kodin na fara. Da gwamnati ta hana shi a 2018 ya yi tsada ya yi wuya, sai na faɗa giya. Alhaji ya yi min saki ɗaya, na yi idda a ɗakin ƙanwata ina kallon silin. Abin da ban gane ba sai a gaban likita shi ne ciwon damuwa ya riga shan zuwa. Al'ada na ɗaukewa, yara sun watse, dangi na Arewa, ga Legas ba mai leƙo ka. Sai in kwana uku ban yi wanka ba. An ba ni ƙwayar damuwa, na sha kwana goma ban ji komai ba na jefar. Da na koma likita ta yi min faɗa, ta ce sai an yi makonni kafin ta fara aiki. Haka kuwa aka yi.

Malamar Islamiyyarmu ce ta karanta min hadisin sahabin nan da aka yi ta kawo shi saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe. Alhaji ya mayar da ni, sai dai har gobe kuɗin cefane a hannun autana yake bayarwa. Yana min ciwo, amma ban ga laifinsa ba.

Ummu Khalil:
Ni dai na koma sha sau biyu. Na biyun bayan sallar layya ne, baƙi sun tafi gida ya yi tsit. Yanzu sati biyar. Na canja hanyar kasuwa don kada in bi ta gaban teburin matar nan mai sayar da giya.

Maman Zara, Agege:
Ummu Khalil, sati biyar ba wasa ba ne. Lokacina mai wuya tsakanin la'asar da magariba ne, in naki ma haka ne ki yi min magana, mu riƙa waya a wannan lokacin. Ranar Talata nake komawa ganin likita, Zara ce ke raka ni, in kina so mu haɗu a Oshodi mu ƙarasa tare.