Kwas ta intanet ko darasin dare? Ina son sanin nawa litar mai ke tsaya mana

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema daga waɗanda suka taɓa yi da kansu. Ni ke riƙe wa kawuna littafin kuɗi a wurin matsar man gujiya, inji ɗaya, ma'aikata huɗu. Bak G2 gare ni, na iya rubuta shiga da fita. Abin da ke gagara ta shi ne tambayar da kawu ke yi mini kullum: lita ɗaya nawa take tsaya mana, kuma lita nawa za mu saida a wata kafin riba ta fara? Wannan aikin kwantabilite analitik ne, wato lissafin nawa kaya ke tsaya wa mai su, a lakwal sama-sama muka taɓa shi.

Hanya biyu ke gabana. Akwai kwas na masu farawa ta intanet, da Ingilishi, wanda mutum ke bi a lokacin da ya samu. Akwai kuma darasin dare a wata makaranta nan cikin gari, jika 25 a wata. Ba ni da kwamfuta, waya kawai. Ingilishi ina karantawa a hankali in gane, sauraro ne ke ba ni wuya. Ba aiki nike nema ba, takarda ba ta dame ni ba. Jika 60 na ajiye. Wanne zan kama?

Abban Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka tafi Tawa ka yi lisansi a jami'ar Djibo Hamani, suna da sashen tattalin arziki da gestiyo. Takardar gwamnati ita ce takarda, ranar neman aiki za ka gode mini.

Mai Siber:
Kafin komai ka sayi kwamfuta ta hannu. Jika 90 zuwa 120 za ka samu mai kyau. Ba a karatun lissafi da waya.

'Yar Sura Bildi:
Ana yi, yayana, ni da waya na yi. Kwas na shafin Saylor Academy na bi, kyauta ne, yawancinsa karatu ne ba bidiyo ba, shi ya sa bai cin mega sosai. Jarabawar ƙarshe sai ka ci 70 cikin 100 a ba ka shaida. Littafin rubutu na saya, duk aikin da suka ba da sai in yi shi da hannu, sannan in sake yi da alkaluman shagonmu na ɗinki.

Ɗan Mokoyo, tambayar kawunka tana cikin darussan farko. Ka raba kashe-kashenku biyu. Akwai waɗanda ke tashi in kun ƙara matsa: gujiya, gazuwal, bido, ladan masu gyara. Akwai waɗanda ko inji bai tashi ba sai an biya: haya, mai gadi, albashinka. Mu ce kana saida lita ɗaya a 1,200, kashi na farko ya ci 900 a kowace lita, saura 300. In kashi na biyu jika 120 ne a wata, sai ka raba 120,000 da 300. Lita 400 ke nan. Ƙasa da haka asara kuke, ko da kes cike take da kuɗi.

Ɗan Tasawa:
Ni dai in ka ji tawa, ka riƙe jika 60 ɗinka. Bari in ba ka abin da ya same ni, don kar a ce ban faɗa ba.

A watan Yunin 2023 na shiga irin wannan kwas a wani babban shafi, na biya, irin wanda ake cirar kuɗi wata-wata. Ba ni da katin banki, sai wani mutum da ke yi wa jama'a irin wannan biyan ya sa nasa, na ba shi jika 35. Sati na farko da na biyu lafiya lau, har na fara jin kaina. Ƙarshen Yuli aka yi juyin mulki, farkon Agusta Najeriya ta yanke mana wuta. Kun san yadda Maraɗi ta koma, tunda layin Katsina ke ba mu. Waya sai an kai wurin mai caji, rezo in ya zo da dare ya tafi, ga tsadar abinci, ga iyaka rufe, kasuwa ta mutu. Wa ke ta karatu? Na ce ai sun ce mutum ya bi a lokacinsa, bari abubuwa su lafa.

Ashe karatun ne ke jira, kuɗin ba su jira. Wata rana sai ga mai katin da takarda a hannu har ƙofar gida, wai an cire masa na wata uku bayan na farko, in biya shi jika 105. Na ce me ya sa ba ka tsaida ba? Ya ce asusun nawa ne, ni ya kamata in tsaida. Babu wanda ya taɓa gaya mini akwai wurin tsaidawa. Magana ta kai gaban manya, aka ce in biya. Jajayen awakin maiɗakina biyu aka kai kasuwa, har yau in zancen ya tashi sai gida ya yi sanyi.

Don haushi na koma na gama kwas ɗin bayan wuta ta dawo a 2024. Na buga shaidar a takarda mai kauri, na sa cikin dosiye na kai wata ƙungiya da ke neman mataimakin kwantabul. Matar da ke karɓa ta ɗaga ta, ta duba, ta maido mini, ta ce takardar BTS ko lisansi suka ce. Wani aboki ya roƙa aka bar ni na zauna gwajin. Tambayoyin duk lambobin asusun SYSCOHADA ne, tsarin kwantabilite na ƙasashenmu, da harajin TVA kashi 19. Ko ɗaya ba a koya mana ba. Jika 140 na zuba, ban da kuɗin forfe.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Allah ya maida alheri, Malam. Ka biya baiwar Allah awakinta dai ko?

Ɗan Tasawa:
Ɗaya na maida, Hajiya. Ɗayar tana hanya in sha Allah.

Mai Kabu-kabu:
To ka yi sauri, akuyar Maraɗi tagwaye take haihuwa. In matarka ta iya irin lissafin 'Yar Sura Bildi, yanzu garke take bin ka.

Mai Siber:
Jika 35 a wata an cuce ka. Ni jika 28 nike yi wa mutane, har da ladana.

Abban Zariya:
Wane 28? Ɗan wana jika 45 ya biya, sau ɗaya, aka ba shi shaidarsa.

Ɗalibar IUT:
Ni ko dala ban biya ba. A Coursera akwai wurin neman tallafi, ka rubuta dalilinka da halin da kake ciki, ka jira kamar sati biyu. Kuma tunda Ingilishi na ba shi wuya, me zai hana ya duba FUN MOOC na Faransa? Da Faransanci ne, shiga kyauta. Sai dai wasu darussan nasu suna da ranar buɗewa da rufewa.

Uwar Biyu:
Darasin daren ma jika 25 ya yi yawa. Ɗiyata jika 15 take biya.

Mai Siber:
Hajiya, na ɗiyarki koyon buga takarda ne, ba kwantabilite ba.

Mushe Kwanta:
Ku bari in gyara wani abu, don an cakuɗa magana biyu. Abin da ya kada Ɗan Tasawa a gwaji kwantabilite janaral ne, wanda doka ta tsara. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ta haɗe dokokin kasuwancinsu, kuma tsarin SYSCOHADA da aka sabunta ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Babu kwas ɗin Amurka da zai koya maka cewa a jerin asusunmu kashe-kashe aji na 6 ne, kuɗin shiga aji na 7. Amma abin da yaron nan ke nema lissafin cikin gida ne, na mai dukiya, ba wanda ake kai wa ma'aikatar haraji ba. Hanyarsa ɗaya ce ko'ina.

Wuri ɗaya zai yi hankali, kimanta kayan sito. Littattafan Amurka suna koyar da wata hanya da ake ɗauka kayan da suka shigo ƙarshe su suka fara fita. Mu nan ba a yarda da ita ba. Ko na farkon shiga ya fara fita, ko a yi matsakaicin farashi. Ka sayi buhu 10 da kaka a jika 30, ka ƙara 10 da bazara a jika 40, kowane buhu ya tsaya jika 35.

Sannan ɗana, akwai abu biyu da lissafin 'Yar Sura Bildi bai taɓa ba. Tunkuza: kuɗin da kuke samu daga masu ƙuli-ƙuli da masu kiwo sai an cire su daga kuɗin gujiya, in ba haka ba litarka za ta fito da tsadar ƙarya. Da kuma tsufan inji: in an saye shi 1,200,000 kuma zai yi shekara 5, jika 20 ke nan kowane wata ko bai lalace ba. Irin wannan ne malami a gabanka zai gani cikin littafinka. Bidiyo ba ya ganin littafin kowa. Ni darasin dare nike ba ka shawara.

Ɗan Tasawa:
Mushe, da girmanka, ai kai ma darasin dare kake koyarwa. Mai tuwo ba ya cewa a ci fura.

Mushe Kwanta:
Ina koyarwa, ban ɓoye ba, kuma ban ce ya zo wurina ba. Shekara 19 ina wannan aiki. Na ga yara da yawa da suka fara kwas ta waya, kaɗan ne suka kai ƙarshe, don babu mai tambayarsu ina aikin jiya.

'Yar Sura Bildi:
Baba Mushe, gyaran tunkuza na karɓa, na gode. Amma shi ya ce waɗanda suka yi yake son ji. A nan ni da Ɗan Tasawa da Ɗalibar IUT kaɗai muka yi, biyu cikinmu ba mu yi asarar ko tamma ba. Kuma jika 60 wata biyu kawai za ta kai shi a darasin dare, da ɗan canji.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Duk ku yi haƙuri, yara. Tun ana kai gujiya Kano da manyan motoci iyayenmu ke wannan sana'a, ba wanda ya riƙe alƙalami. Ni in na ɗaga tiya na murza ƙwaya na san man da za ta ba ni. Kawun yaron nan gwada shi yake, ya san amsar.

Mushe Kwanta:
Alhaji, ranka ya daɗe, man da tiya za ta bayar ka sani. Amma wanda ya saida wa 'yan Jibiya bashi da naira a farkon 2023 ya karɓa bayan shekara, murza ƙwaya ba ta gaya masa abin da ya rasa ba.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Wannan kam ta taɓa kowa, har masu digiri.

Kwantabul Ali Ɗan Sofo:
Tunda Alhaji ya shigo, bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Ko a Faransa ka yi karatun, matsalar ba a nan take ba. Maigidana yakan shigo da hantsi ya buɗe kes ya ɗebi jika 50, sunan ɗiyar abokinsa. La'asar a aiko yaro, Hajiya ta ce a ba da na cefane. Ƙanensa ya ɗauki bido biyu, wai za a rubuta. In na ce Alhaji a sa hannu a takarda, sai ya ce dukiyata ce ko taka? Ƙarshen wata lissafi bai hau ba, ni ake kallo. Wane kashi za ka sa kuɗin suna, mai tashi ko mai zaune?

Uwar Biyu:
Wallahi gaskiya ne. Mijina ma haka yake da shagonsa, in na yi magana ya ce arziki ba ya son ƙirga.

Abban Zariya:
Tsoron lanho ne. Suna ganin duk abin da aka rubuta wata rana zai kai hannun masu haraji.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Ba tsoro ba ne, ɗana. Ni na tara, kuma mutum arba'in ke ci a ƙarƙashina. In maƙwabci ya zo da takardar asibiti, sai in ce ya jira kwantabul ya dawo daga salla?

Kwantabul Ali Ɗan Sofo:
Ba wanda ya ce kar a ba da, Alhaji. A ba da, a gaya mini in rubuta a asusun maigida, shi ke nan. Kuma albashin da ake ba mu fa? Direban gidan ya fi ni ɗauka, ni ke kwana da alkaluma.

Ɗan Tasawa:
Kai ka samu ma. Nawa suke biya? In akwai wani Alhajin da ke nema, a tuna da ni.

Ɗan Mokoyo:
Na gode kowa. Namu kawun ma yana ɗiba, amma in na tambaya yakan faɗa. 'Yar Sura Bildi, jarabawar ƙarshen ana iya yin ta da waya, kuma in rezo ya yanke a tsakiya me ke faruwa?

Kwantabul Ali Ɗan Sofo:
Jika 50 ake ba ni, Ɗan Tasawa, na watan jiya ma rabi aka ba ni, wai sai motar garin Ɗan Isa ta iso.

Mai Kabu-kabu:
Jika 50? Malam, zo in ba ka babur ɗaya cikin nawa, balas jika 2 a yini, sauran naka ne.