Neman shawara: ƙarasa sakandare ta intanet ga yarinya mai sikila

Kawun Yara: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. 'Yar yayata tana aji huɗu na sakandare a nan Kano, tana kuma fama da sikila, wanda yakan kwantar da ita makonni, musamman a lokacin hunturu, ta yadda idan ta koma makaranta sai ta tarar an wuce ta, kuma babu malamin da zai koma baya saboda mutum ɗaya a ajin da ya cika maƙil. An ba mu shawarar mu mayar da ita makarantar intanet. Don Allah masu masaniya su taimaka mana da wadda ta dace.

Tsohon Firinsifal: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Malam, kafin ku tambayi wace makaranta ce ta fi, ku fara tambayar wace takarda yarinyar za ta riƙe a ƙarshe, domin koyarwa daban, shaidar kammalawa daban. A ƙasar nan makaranta ba ta bayar da shaidar da jami'a ke karɓa da kanta, hukumomin jarrabawa ne ke bayarwa, wato WAEC da NECO da NABTEB, kuma abin da ake nema wajen shiga jami'a shi ne kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi a mafi yawan fannoni. Wanda ba ya cikin makarantar da hukuma ta amince da ita zai iya zana jarrabawar masu zaman kansu, wadda muka saba kira GCE. Tun daga 2018 WAEC take shirya ta sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya a ƙarshenta, ita ma NECO tana da tata wajen Nuwamba da Disamba. Saboda haka duk wanda ya ce muku yana da makarantar intanet, ku nemi ya faɗa muku ƙarara jarrabawar da yake shirya ɗalibai a kanta da kuma inda za su zauna su rubuta. Idan ya fara kewaye-kewaye, ku riƙe kuɗinku.

Malamar Lissafi: Na goyi bayan Baba Firinsifal. Abin da zan ƙara shi ne kayan karatun kansu. Akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Kyauta ne, yana bin manhajar ƙasa, kuma akwai darussan da aka yi da Hausa. Akwai uLesson, wanda ake biya, an kuma tsara shi a kan jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ga lissafi kuwa ni Khan Academy na fi ba ɗalibaina, domin kyauta ne, kuma yana ba yaro aiki a kan kowane darasi har sai ya iya, sai dai da Turanci ne kuma jerin darussansa na Amurka ne, don haka sai an sami wanda zai daidaita mata shi da manhajar WAEC. Amfanin da na gani ga yara irinta shi ne darasin yana jiranta. Idan ciwo ya tashi ta ajiye, idan ta samu sauƙi ta ɗora daga inda ta tsaya, ta maimaita bayanin da ya shige mata duhu ba tare da jin kunyar ɗaga hannu a gaban 'yan aji ba.

Baban Biyu: Ni kam ina ganin idan da hali a nemi cikakkiyar makaranta mai malamai da jadawali, tun da waɗanda Malama ta lissafa kayan bita ne kawai. A waje abin ya daɗe da kafuwa. Jihar Florida ta Amurka ta buɗe tata tun 1997, Jami'ar Stanford ta buɗe sakandaren intanet a 2006, Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ma ta fara karatu a tata a 2022. A Ingila akwai King's InterHigh, inda ake shiga aji kai tsaye tare da malami ana shirin IGCSE, wato jarrabawar sakandare ta ƙasa da ƙasa mai bin tsarin Ingila.

Tsohon Firinsifal: Alhaji, gaskiya ne, amma a duba abu biyu. Kuɗin waɗannan makarantu da kuɗin waje ake biya, irin su dala ko fam, kuma kowa ya san inda naira take. Sannan akwai bambancin lokaci: tsakaninmu da yammacin Amurka awa takwas zuwa tara ne, ajin da aka fara da hantsi a can sai wajen magariba zai same ta a nan, ga yarinyar da jikinta ke buƙatar hutu. Ingila ta fi sauƙi, domin tazarar ba ta wuce awa ɗaya. Irin wannan hanya ta fi dacewa da iyalin da tun farko suka ƙudurta kai yaro karatu waje.

Kawun Yara: Na gode ƙwarai. Mu a gida za ta yi jami'a in sha Allah, kuma burinta aikin jinya ne. Yaya batun ɗakin gwaje-gwaje?

Malamar Lissafi: A nan ne intanet ke gazawa. Masu zana GCE ba sa taɓa kwalba ko ma'auni, takarda ake ba su a madadin gwajin aiki, inda za su karanta awo daga zane su yi lissafi su fitar da sakamako. Ana iya cin wannan ta hanyar bitar tsofaffin tambayoyi, amma wadda za ta karanta jinya bai kamata ta isa jami'a ba ta taɓa ganin yadda ruwan gwaji ke sauya launi da idonta ba. Shawarata ita ce ku yi magana da wata makaranta ta kusa a bar ta ta riƙa halartar gwajin kemistiri da fiziks da bayoloji a ranakun da take da lafiya.

Hajiya Inna: Ku yi mini haƙuri in kawo abin da ba a taɓo ba. Ni ban so a cire ta daga makaranta gaba ɗaya. Yarinyar da ciwo ya riga ya raba ta da ƙawayenta makonni, idan aka zaunar da ita a ɗaki ita da waya, kaɗaici zai ƙaru a kan ciwo, kuma kun san waya ba darasi kaɗai ke cikinta ba. A lokacin korona a 2020 mun ga yadda aka yi ta darussa a rediyo da talabijin, yaran da suka amfana su ne waɗanda wani babba ya zauna a kansu. Ku bar sunanta a rajistar makaranta, domin ta zana jarrabawa tare da 'yan ajinta da makin ayyukanta na zango, ta yi gwaje-gwajenta a can, sannan intanet ya zama abin cike giɓin makonnin jinya. Ku je da takardar asibiti ku zauna da shugaban makarantar, a ware malami ɗaya da zai riƙa turo muku abin da aka koyar kowane mako.

Baban Biyu: Hajiya ta fi ni hange a nan. Abin da zan ƙara kawai shi ne kada a dogara da sabis. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato na tsawon makonni, duk wanda karatunsa ya rataya a kan shiga aji kai tsaye ya tsaya cak. Ku zaɓi manhajar da ke bari a sauke darasi a ajiye a waya, ku riƙa saukewa da dare lokacin da data ta fi araha, ku kuma tanadi ƙaramar sola saboda caji.

Tsohon Firinsifal: Ku kuma tabbatar ta mallaki lambar NIN tun yanzu, domin ana buƙatarta wajen rajistar JAMB, kuma sunanta da ranar haihuwarta su zo daidai da abin da ke takardun makaranta, saboda gyaran harafi ɗaya yana iya cin watanni. Ku sa ta riƙa amsa tambayoyi a kwamfuta mai madannai, tun da JAMB a kwamfuta ake yi, ita ma WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu haka a 2024. Idan babu kwamfuta a gida, akwai cibiyoyin kwamfuta da ke karɓar yara domin atisaye.