Neman kalma: esinkronos, detafulo da konkarensi da Hausa

Mai tambaya, Tudun Wada: Salamu alaikum. Ana fassara littafin jagorar wata manhaja, an maƙale a kalmomin Turanci uku na fannin rubuta manhaja: esinkronos (asynchronous), detafulo (dataflow) da konkarensi (concurrency). An kawo "ba-jira", "kwararar bayanai" da "aiki a lokaci guda" a matsayin fassararsu, bi da bi. Malamai, a duba mana.

Malami, Kawo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, "ba-jira" za ta sa jagorar ta faɗi abin da ba haka yake ba. Jira yana nan daram, sai dai mai jiran yakan koma gefe, na'ura ta kama wani aikin. Hausa tana da kalmar tuntuni: sallahu. Ka ba direba saƙo a tashar Kawo, ka tafi harkarka, in ya isa Zariya a kira ka. Sai mu ce "aikin sallahu", kishiyarsa kuwa "hannu-da-hannu". A Go, wani yaren rubuta manhaja, hanyar saƙo tsakanin ayyuka da ba ta da ma'aji hannu-da-hannu ce, mai aikawa ba ya motsi sai an karɓa. In an ba ta gurbi 10, saƙo goma za su shiga, na 11 ya tsaya har a ɗauki ɗaya.

Malama, Unguwar Rimi: Malam, sallahu ta zauna. Amma "kwarara" ruwa ne mai tafiya yadda ya ga dama. Ku dubi masu lambu a bakin kogin Kaduna: ana jan ruwa ta magudana, a buɗe wa wannan komi, a toshe wancan. A detafulo ma kowane mataki na aikin manhaja ba ya tashi sai abin da yake buƙata ya iso masa. Ni "magudanar bayanai" na zaɓa. A 1974 Gilles Kahn, Bafaranshe masanin kwamfuta, ya nuna cewa in kowane mataki yana karantawa daga layin saƙonni bi da bi, yana jira in babu komai, ba ya leƙawa ya ga ko layin fanko ne, to sakamako ɗaya za a samu komai saurin wani ko nawar wani. Da zarar an ce "ɗauki duk wanda ya riga zuwa" tsakanin magudana biyu, wannan tabbacin ya tafi, kuma dole jagora ta faɗa.

Malami, Kawo: Haka ne, Malama. "A lokaci guda" kuwa a bar wa wani abin daban, wato masu girki biyu, kowa da tukunyarsa. Konkarensi mace ɗaya ce tsakanin tuwo da miya, ta tuƙa nan, ta juya can. "Karɓa-karɓa" ke nan.

Dattijo, Barnawa: 'Ya'yana, ku ƙara biyu. In matakai biyu suka tsaya kowa na jiran ɗan'uwansa, "kiki-kaka". In biyu suka taɓa abu ɗaya, sakamako ya dogara da wanda ya riga, "rige-rige".

Sai batun jagorar. A ƙarƙashin kowace magudana a rubuta gurbi nawa take da shi, me ke faruwa in ta cika, wa ke rufe ta, sannan ko saƙo na fitowa a jere. Wurin rufewa aka fi yin ɓarna. A Go, aikawa cikin rufaffiyar hanya yana kayar da shirin nan take, in kuma an manta ba a rufe ba, mai karɓa zai yi ta zaman jiran gawon shanu. A Python, wani yaren rubuta manhaja, layin saƙonni na asyncio (ɓangarensa na aikin sallahu) da ba a sa wa iyaka ba yana karɓa ne kawai. In mai zubawa ya fi mai kwashewa sauri, ƙwaƙwalwar na'ura za ta cika, alhali jagora na cewa "mai aikawa zai dakata".

Malama, Unguwar Rimi: Baba, maganin wannan shi ne a mai da misalan jagora abin gwaji. Go yana gudanar da misalin da aka rubuta masa sakamakon da ake sa rai, Python kuma yana da doctest mai yin irin wannan aikin. Misalin da ayyuka ke karɓa-karɓa a cikinsa kada a kafe shi da jeri ɗaya, zai ci yau ya faɗi gobe. Wanda ya sauya gurbi daga 10 zuwa 100 ya gyara jagora a cikin canjin nan, kada a bari sai gobe.

Mai tambaya, Tudun Wada: Na gode, Allah ya ƙara sani. An ɗauki biyar ɗin: aikin sallahu, magudanar bayanai, karɓa-karɓa, kiki-kaka da rige-rige. Za a sa su a shafin farko na jagorar, kowace da misalinta.