Waɗanda suka taɓa zuwa intabiyun MBA, ku ba mu labari

Ɗan Dawanau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makarantar Kasuwanci ta Legas ta kira ni intabiyun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Ni harkar hatsi nake yi, riɗi da waken suya, ban taɓa aikin banki ko babban kamfani ba, shi ya sa gabana ke faɗuwa. Me suke tambaya? Kuma ya dace in leƙa makarantar kafin ranar?

Bakatsiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ka je, kada ma ka yi shawara. Ni da na je na roƙi a bar ni in zauna a aji ɗaya, nan na gane yadda karatun yake. Malami ba ya tsayawa ya yi ta bayani ana rubutawa. Ana ba ɗalibai labarin wani kamfani da ya shiga matsala su karanta tun daga gida, da an shigo sai ya nuna mutum ya ce, kai ne manaja, me za ka yi? Wata ta ce a rage farashi, wani ya ce a'a, aka yi ta kai-komo har lokaci ya ƙare. Da aka tambaye ni a intabiyu me ya sa na zaɓi makarantar, ajin nan na ba su labari. Sai dai ka kwana kusa da Ajah, inda makarantar take, don cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe ba ya jin uzuri.

Bazazzagi a Faransa: Yaya, cinikin riɗin nan da kake rainawa shi ne makaminka. Ni INSEAD na nema, wata makarantar kasuwanci a Faransa, su tsoffin ɗalibansu ne ke yin intabiyun, mutum biyu, kowa da ranarsa. Na farkon mun haɗu a wani wurin shan shayi, ya ajiye takarduna gefe ya ce in ba shi labarin ranar da na yanke shawara mai wuya a wurin aiki. Na faɗa masa yadda na mayar wa wani dila da kaya saboda damshi ya yi yawa a buhunan, duk da tsohon abokin cinikin mahaifina ne. Ya tsaya a kan wannan kusan rabin awa: nawa muka yi asara, yaya na faɗa wa mahaifina, mun ci gaba da ciniki da mutumin ko mun rabu. Na biyun kuma a kan harshe da zama da baƙi ya fi matsawa, don karatun wata 10 ne kacal kuma ajin cike yake da mutanen ƙasashe daban-daban. Daga baya na je Fontainebleau, inda makarantar take, tafiyar kamar minti 40 a jirgin ƙasa daga Paris, gari ne ƙarami a bakin daji, mai iyali ya kamata ya gan shi kafin ya biya kuɗi.

Ɗan Dawanau: Allah Ya saka. To idan Turancina ya sarƙe fa?

'Yar Jos: Ba gasar Turanci ba ce, ɗan uwa. Ka yi magana a hankali, ka riƙe lissafin kasuwancinka a ka: tirela nawa kake lodi a kaka, mutum nawa ke ƙarƙashinka, ina kake samun jari. Kowace makaranta da salonta. A Wharton ta Amurka an haɗa mu rukuni na mutum biyar ko shida, aka ba mu minti 35 mu fito da shawara ɗaya, ana kallonmu. Akwai wanda ya kankane maganar, ya hana kowa buɗe baki, ni dai ban gan shi a aji ba. Harvard kuwa minti 30 ne da wanda ya karanta takardunka tsaf, sannan cikin awa 24 ka rubuto musu abin da ka ɗauka daga ganawar.

Alhajin Sabon Gari: Ni nawa darasin daga wata makaranta ne da ba zan kira suna ba. An zaunar da mu tun safe har bayan azahar, babu mai cewa komai. Ka tafi da ruwa da kwafin duk takardunka, ka kuma tambayi wurin salla tun da ka isa. Kuma idan suka ce kana da tambaya, kada ka ce babu. Ni na tambayi ina ɗaliban bara suka samu aiki, da kuma ko ana biyan kuɗin makaranta kashi-kashi.

Bakatsiniya: Gaskiya ne Alhaji. Malam, ka shirya amsar abu ɗaya da ba ya wuce kowa: me za ka yi da digirin bayan ka gama. Idan burinka ka fara fitar da riɗi waje da kanka ba ta hannun dillalai ba, ka faɗa haka kai tsaye, ka kuma bayyana abin da ya hana ka yi zuwa yanzu. Allah Ya ba da sa'a.