Direba ko tafinta? Ina neman sunan abin nan da ke suma in ram ya cika

Salam jama'a, dan Allah masu gyaran kwamfuta da malaman Hausa ku matso kusa, wata kalma ce ta hana ni sakat tun satin da ya wuce.

Ƙanwata mai haɗa bidiyon biki ce ta kawo min laptop ɗinta, ta hannu ce, ram ɗinta (wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin) GB 4, wai duk sanda ta ɗora bidiyo mai nauyi sai sikirin ya yi baƙi ƙirin kamar an ɗauke wuta, can sai ya dawo, wani lokacin kuma manhajar ta rufe kanta aikin awa biyu ya bi ruwa. Na duba nace mata direban girafik ne ke faɗuwa saboda memori ya cika. Washegari sai gata ta dawo ido jajir, ta goge hotunan mutane sun fi rabi kuma matsalar na nan daram. Wlh abin ya tsaya min a rai, don maganata ce ta jawo. A wajenta memori shi ne katin da ake sawa a waya, in ya cika gogewa ake, direba kuma mai tuƙa mota ne.

To bari in faɗi aikin abin tukuna kafin mu raɗa masa suna. Manhajar bidiyo ko gem ba ta jin yaren katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da ake gani a sikirin, umarni take bayarwa ta hanyar wasu tsare-tsaren aika umarni irin su DirectX ko OpenGL ko Vulkan, shi wannan da muke kira direba shi ke karɓa ya juya shi zuwa yaren da wannan katin kaɗai yake ji, shi yasa direban katin kamfanin Nvidia ba ya yi wa katin kamfanin AMD aiki, na Intel ma nasa daban. Kun ga ba tuƙi yake ba, fassara yake. Shi yasa zuciyata ta tsaya kan TAFINTA, tafintan hoto.

Na gwada wasu kafin nan. Matuƙi dai direban ne aka sake wa riga. Ɗan aike yana kai saƙo ne yadda aka ba shi, ba ya juya komai. Dillali ya yi kusa amma da ka faɗa hankali ya tafi kan ciniki da la'ada. Linzami kuwa tuni an ba maus, kar mu haɗa mutum biyu a suna ɗaya. Tafinta kuma in ka ja shi yana biyo ka, tafintan sauti, tafintan firinta, tafintan kamara, jam'insa tafintoci, duk ba sai an tauna harshe ba.

Wani yayana a sana'ar nan ya min magana ta baya yace kai Malam, duk kasuwa direba ake cewa, kuma yaro in zai sauke a intanet sunan Turancin zai rubuta. Gaskiyarka Yaya, ban ja ba, tsakaninmu a shago a ci gaba da cewa direba. Ni damuwata mai kayan da ke tsaye gaban tebur tana son ta gane me ya samu abin neman abincinta. Ya kuma ce ai aikin abin ya wuce fassara, har da rabon wuri a ram yana da hannu a ciki, wannan ma haka ne, tafinta bai ɗauke duka ba amma ya ɗauki babban kason.

Sai kalma ta biyu, abin da ke samunsa. Masu fassara kai tsaye suna cewa hatsari ko karo, to haɗa da direba ka ji, direba ya yi hatsari, wa zai kawo kwamfuta a ransa? Mutuwa ta yi tsauri tunda yana dawowa. Sanƙarewa kuma a bar ta wa lokacin da komai ya tsaya cak maus baya motsi. Ni SUMA nake gani, kuma ga dalili. Tun daga Windows Vista akwai wani tsari da ake kira TDR, in katin hoto ya wuce daƙiƙa 2 bai amsa ba sai Windows ta kashe tafintan ta sake tada shi, wannan baƙin da ƙanwata take gani kenan, har saƙo ke fitowa a ƙasa cewa ya daina amsawa amma ya dawo. Ya suma, an yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo. In abin ya maimaitu fiye da sau 5 cikin minti 1, ko aka tada shi ya ƙi tashi, sai sikirin kuskure na Windows, wanda aka sani da shuɗin sikirin, ya fito dole a sake kunna kwamfutar, wannan kuma muna da sunansa tun tuni, doguwar suma.

Ram kam a bar shi a ram, kowa a kasuwa haka yake cewa, memorin ne kawai nake roƙon mu daina faɗa a nan. Ni yanzu da misalin kantar shago da sito nake yi wa masu kaya bayani, had disk ko SSD shi ne sito, ram shi ne kantar da ake baza kayan da ake aiki da su yanzu yanzu. Ƙananan laptop irin tata katin hotonsu ba shi da kantarsa, a ta kwamfutar yake raɓawa, Windows tana iya ara masa har kusan rabi, to GB 4 ga Windows ga burawuza da shafuka goma a buɗe ga bidiyo, me ya rage? In kanta ta cika sai a fara jidar kaya zuwa sito ana dawo da su, wurin da ake jidar a siton shi ne fayil ɗin da ake kira pagefile, in had disk ne mai juyawa jidar na da nawa sosai, kafin kaya su iso daƙiƙa 2 ta wuce tafinta ya suma. Kwashe kayan sito ba ya faɗaɗa kanta, shi yasa gogewar da ta yi bata amfana komai ba, sai dai in siton ya cika maƙil har babu wurin jidar.

Abin da na yi mata, na buɗe Task Manager, mai nuna yawan ram da ake ci, tana kallo muka ga ram ya kai wuya kafin sikirin ya ɗauke, Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, shi ma ya nuna lamba 4101 wadda ita ce shaidar an yi suma an farfaɗo. Muka rufe burawuza, na bar pagefile a hannun Windows don wani ya taɓa kashe shi, na cire tsohon tafintan kakaf na sa sabo, na hure ƙurar fanka tunda zafi ma na jawo irin wannan sumar musamman bayan hunturu, sannan muka ƙara ram ya koma GB 8. Na nuna mata maɓallan Win da Ctrl da Shift da B, in ta danna tare suna tada tafintan ba sai ta kashe kwamfuta ba. Masu shiga rajistiri, wato ma'ajiyar saitin Windows, su ƙara daƙiƙun jiran nan a TdrDelay dan Allah ku rage, jiran kawai kuka tsawaita kantar na nan a cike.

Jimlar da zan riƙa faɗa daga yau: tafintan hoto ne ya suma saboda ram ya cika. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da Faransanci ya ba ku pilote, in ka ce tafintan hoto a shagunanku za a gane, ko akwai wadda kuka riga kuka saba da ita?