Abin da aka tattaro kan manhajar neman gurbin jami'a a ƙasashen waje

1. Kowa cikin masu tattaunawar ya yarda a tsara aikin gina manhajar bisa kalandar ɗalibai. Common App (shafin neman gurbi a jami'o'i da dama, galibi na Amurka) na buɗewa 1 ga Agusta, jami'o'in Oxford da Cambridge na Birtaniya kuma suna rufe karɓa a tsakiyar Oktoba. Kada a saki wani sabon gyara dab da ranar rufewa, lokacin ne cunkoso ke durƙusar da manhaja.
2. Ta riƙa adana abin da ɗalibi ya cike ko da intanet ya yanke. A ganina wannan ne kan gaba.
3. A tsare hotunan fasfo da sakamakon jarrabawa.

Inda aka rabu: wasu sun ce a fara da ta waya, wasu suka dage kan ta kwamfuta, don ɗora takardu ya fi sauƙi a can.