Fatalwa ce ko aljani? Don Allah ku ba ni shawara

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan ƙaramar Sallah muka tashi daga unguwar Gangare muka koma Rikkos a nan Jos, saboda mai gidan ya ƙara kuɗin haya, ga rigimar ruwa kullum da matan tsakar gida, har akwai wadda ba ma ga-maciji da ita. Muka samu ciki da falo da araha, muka biya na shekara, har da kuɗin adashena a ciki. Sai daga baya maƙwabciya take ce min wai tsohuwar da ta rasu a ɗakin ba ta bar shi ba. Cikin dare ina jin ana jan abu a saman silin, wani lokacin in farka an danne min ƙirji, ko yatsa ba na iya ɗagawa, ga inuwa a bakin ƙofa. Da safe ciwon kai. Maigidana yana kai dankali kudu, bai cika kwana a gida ba. Ya zan yi?

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Malama, cire maganar fatalwa daga ranki. Wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa, duba Suratul Mu'minun aya ta 100. Aljanu ne, kuma hadisi ya kasa su uku: masu fukafukai da ke tashi a iska, masu siffar macizai da karnuka, da masu sauka su tashi. Ki karanta Baƙara a ɗakin, Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta. Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin barci.

Goggo Asabe: 'Yar nan, mu dai yadda muka taso muka ji, fatalwa fara ce sol, ba ta magana, tsoratarwa kawai take yi. Mai danne mutum dannau ne. Doguwa a tsamiya ko kuka take zama, 'yan ruwa kuma a kududdufan kuza, shi ya sa ake hana yara wanka a can. Akwai tsamiya kusa da gidan?

Baban Sadiƙ: Goggo, a yi haƙuri, duk sunaye ne, asalinsu ɗaya.

Anti Nas: Maman Walid, kina shiga da kaskon gawayi ɗaki ki rufe taga? Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kawo ciwon kai da jiri, tana kisa cikin barci. Dannau kuwa ƙwaƙwalwa ce ke farkawa jiki bai saki ba, rashin barci da damuwa na ƙara shi. Ki yi addu'arki, amma ki fitar da kaskon yau.

Maman Walid: Anti, kin san sanyin Jos, ga yara ƙanana. A Gangare ma ina sakawa, ban taɓa ganin inuwa ba.

Maman Ihsan: Laifin masu gidaje ne wallahi, ba sa faɗin gaskiya. Namu ya ɓoye mana rufin na yoyo, har yau bai mayar mana da ko sisi ba. Ki tashi kawai.

Ummu Haidar: Kada dai ki je wajen masu cewa a kawo baƙin bunsuru. Yayata har ɗan kunnenta na gwal ta sayar, babu abin da ya canza.

Baban Sadiƙ: Wannan shirka ce. Kuma tashi ba magani ba ne, idan aljani ya shaƙu da mutum bin sa yake yi. Ruƙiya ta shari'a za a yi mata.

Anti Nas: A sa wani ya leƙa silin ɗin tukuna, gafiya ma tana jan abu.

Maman Walid: Ni na san motsin gafiya, wannan daban ne. Tashi kuma da wane kuɗi? Goggo, babu tsamiya, amma akwai tsohuwar rijiya da aka rufe a bayan ɗakin. Ita ma suna zama a ciki?